Mutanen da ke Cikin Tudun Arzika

Arzika na Mandera manomi ne, gero da damina, albasa da rani, kuma ba a taɓa sa shi ya faɗi abin da bai sani ba. Ko albasarsa ce ta fara ruɓa, shi da kansa zai juya ta ya nuna wa mai saye. Matarsa Tani ta yi mita har ta gaji.

A tsakiyar gonar da ya gada akwai wani tudun jar ƙasa, ya fi ɗaki tsayi. Ba a noma shi. In kunya ta zo gindinsa sai a karkata ta. Kowace shekara kafin shuka, maigida kan ɗebo ƙasa a kwando ya cike wuraren da ruwan bara ya zaizaye. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Abin da aka gaya masa kawai shi ne akwai mutane kwance a ciki, tun kafin a san salla a ƙasar. Ba ya yi musu yanka, ba ya roƙonsu komai. 'Yan gari suna tsokanarsa da mai gadin arna, shi kuwa sai ya ce mamaci ai mamaci ne.

Shekara biyu da samun 'yancin kai aka zo yin hanyar burji zuwa Shagari. Ɗan kwangila, wani mai tumbi da rowar gaisuwa, ya hango tudun ya ga banza ta faɗi: ga ƙasa a tare, ba sai an sha wahalar fasa marmara ba.

Arzika ya ɗauki sandarsa sai gidan uban ƙasa. A hanya amininsa Malam Ladan, mai makarantar allo, ya ja shi gefe.

"Ka ce waliyyi na kwance nan. Kalma guda ta, Arzika. Ko diga ba su aza mai."

A zaure Arzika ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kai kukansa. Uban ƙasa ya ce, "Wa ac ciki?"

Malam Ladan, da ya biyo shi zauren, ya yi gyaran murya. Uban ƙasan ma, da gani, ƙofa yake nema a buɗe masa ya hana aikin. Arzika ya daɗe yana duban tabarma.

"Ranka shi daɗe, ban san sunansu ba. Mutanen dauri na."

"Musulmi na?"

"Ban zaci hakan ba."

Fadawa suka kwashe da dariya. Don a sallame shi, aka sa magatakarda ya rubuta wa masu kula da kayan tarihi takarda, amma ba wanda ya ce a dakata da aiki. Wato da ya shara ƙarya da an tube takalma a gindin tudun nan, da ya faɗi gaskiya sai aka aika da shebur. Abin da ciwo ƙwarai.

Kwana tara aka yi ana tono. A rana ta uku aka fara cin karo da mamatan, a naɗe, gwiwa a ƙirji, da tukwane a wajen kai. Leburori suka cika aljihu da duwatsun wuya da mundaye. Ƙasusuwa kuwa ba wanda ya tsaya tsincewa, da su da ƙasa ake loda wa mota. Arzika ya zo da sabon ƙyalle zai tattara abin da ya samu, shugaban leburori ya kore shi, wai yana ɓata musu lokaci. A gonar ubansa. Ya koma kan iyaka ya tsaya, yana ƙirga motocin da ke fita, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Sai da aka yanke gero sannan amsar takarda ta iso. Wani ma'aikaci ne da gajeren wando da littafi a hammata, ya taho da allon ƙarfe mai rubutun hana taɓa wurin. Ya tsaya a bakin sabuwar hanya ya dubi ramin da kwaɗi ke kuka a ciki, ya hau Arzika da faɗa. Wai ƙauyawa ba su san darajar tarihi ba, wai jahilci ne ke cinye ƙasar nan. Mutumin da zuriyarsa ta yi ta ɗaukar kwando saboda tudun nan, shi ake karanta wa wannan.

Da ya gama faɗan, ma'aikacin ya buɗe littafi ya ce, "To, baba, ƙasusuwan fa? Ina aka kai su?"

Arzika ya dubi jar hanyar da ta miƙe har Shagari, sannan ya dubi takalman mutumin.

"Sauko nan ga ciyawa mu yi magana, ɗana. Bisansu kake tsaye."