Sabuwar Tukunyar Lao Liang

Cikin shekarun da na yi ina aikin tafinta a wani ofishin tura kaya da ke titin Huanshi Lu a birnin Guangzhou, akwai rana guda da har yau ta ƙi barin raina. Ba a kasuwa abin ya faru ba, a gonar fure ne, kuma gara ku sababbin shiga ku ji daga bakina.

Aikinmu, ga wanda bai sani ba, shi ne mu raka ɗan kasuwa wurin masu masana'anta, mu fassara ciniki, mu bi kaya har a loda su a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Darasin farko da manajanmu ya koya mini shi ne tace magana. Idan laoban, wato mai masana'anta, ya yi dogon bayani, abu uku za ka tsamo: farashi, adadi da ranar lodi. Sauran ka zubar. Na ƙware a wannan har kaina ya fara kumbura, don ana cewa Habu ba ya ɓata wa baƙo lokaci.

Alhaji Mamman dattijo ne ɗan Maraɗi, mai sayen fitilun sola. Shekara goma sha biyu yana saye a hannun mutum ɗaya, Lao Liang. Iyakar Sinancin Alhaji gaisuwa da godiya, shi kuwa Lao Liang "sannu" kaɗai ya iya, ita ma a karkace. Amma in sun haɗu sai su riƙe hannun juna suna ta dariya, ni ina tsakiya. Duk da wannan shaƙuwa, shayi kawai Alhaji ke sha a wurinsa. Ko loma bai taɓa kaiwa baki ba, saboda bai san abin da aka taɓa dafawa a tukunyar ba.

Wata Alhamis cikin watan Mayu, Lao Liang ya matsa lallai sai mun je ƙauyensu bikin fure, tafiyar awa biyu daga Guangzhou. Ni ban so ba. Ranar ce takardun kwantenar wani baƙona za su shiga kafin ƙarfe biyar, in ba haka ba jirgi ya tashi ya bar ta. Da waya ɗaya abokin aikina zai iya kai su, amma girman kai ya hana ni roƙo.

Tun safe ake ruwa, irin yayyafin nan da ba ya ɗaukewa. Furen suna kiransa xiuqiu, ƙwallon ado ke nan. Kowane kai dunƙule yake kamar curin fura, wani shuɗi, wani fari, wani ruwan hoda, sun rufe gangaren dutse tun daga sama har bakin rafi. Mutane na ta ɗaukar hoto ƙarƙashin lema, ni kuwa ina ta duban takalmina da taɓo ya cinye. Alhaji naɗe lemarsa ya yi, ya ce mutumin Maraɗi ba ya gudun ruwan sama. Ya sa na tambaya ko me ake ci a jikin furen. Lao Liang ya ce ido ne kaɗai ke ci. Alhaji ya riƙe baki, wai ga ƙasa ga ruwa amma ko zangarniyar gero ɗaya babu. Suka yi ta dariya.

Da muka kai bayan wani tsohon gida, gaban wani layin shuɗin fure, sai Lao Liang ya tsaya ya yi magana mai tsawo, a hankali, idonsa na kan Alhaji. Ya ce marigayiya matarsa ce ta dasa waɗannan da hannunta. Ya ce likitoci sun ga ciwo a hantarsa, zai miƙa wa ɗansa masana'anta. Sannan ya ce ya sayi sabuwar tukunya da sabuwar wuƙa, ya aika har unguwar Xiaobei da ke Guangzhou an sayo kaza wurin mahauci Musulmi, yana roƙon abokinsa ya ci abinci a gidansa ko sau ɗaya.

Babu kalmar da ta wuce ni. Na duba agogo, ɗaya ta gota. Na san in muka zauna sai la'asar.

"Mi ya ce, Habu?" in ji Alhaji.

"Tarihin furen yake bayarwa, Baba. Kuma yana godiya da ciniki."

Na juya na gaya wa Lao Liang cewa Alhaji ya gode ƙwarai, amma yana da uzuri a gari, sai wani zuwan. Ya kalli Alhaji, Alhaji kuwa sai murmushi yake yana gyaɗa kai. Lao Liang ya ce ba komai. Ya rako mu har mota cikin ruwan nan, ya tsaya yana ɗaga hannu. Takardun sun shiga da sauran awa guda cur.

A watan Oktoba Alhaji ya dawo. Muka tarar da ɗan Lao Liang a kujerar uban. Ya ce tsohon ya rasu wata biyu da suka wuce. Ya shiga ciki ya fito da kwali, tukunyar ce, ko wuta ba ta taɓa gani ba. Ya ce mahaifinsa ya bar saƙo a ba abokinsa, tunda bai samu zama ya ci a cikinta ba.

Alhaji ya juyo yana jiran fassara. Ina iya sake tacewa, babu wanda zai sani. Na kasa. Na faɗa masa saƙon, sannan na faɗa masa duk abin da aka ce a gonar fure, da abin da ni na ce. Ya daɗe yana shafa murfin tukunyar. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

"Habu, kai ne kunnena a garin ga," ya ce. "Mutum ya yi mini bankwana, ni ina yi mishi dariya."

Bai kai ƙarata wurin manaja ba, bai kuma canza tafinta ba. Ni dai daga ranar na gane cewa maganar da ke bi ta bakinmu ba tamu ba ce, amana ce, kuma ba mu ne za mu zaɓar wa mutum abin da ya kamata ya ji ba. Shekara huɗu muka ƙara yi tare kafin ƙafa ta hana shi tafiya. A duk tsawon lokacin nan, ko farashin batir na fassara masa, sai ya ɗan jira, ya dube ni, ya ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"