Mariƙin Jirgin Celso

Ersilia Dazio ba ta iya yafiya ba, kuma ba ta taɓa cewa ta iya ba. A Cortalto aka haife ta, ƙauye na ƙarshe a saman kwarin, inda siririn dogon jirgin lantarki yake tuƙewa. Jirgin nan shi ke sauka da cuku da katako, shi ke hawowa da gishiri da likita. Tun tana budurwa take sayar da tikiti a tasha. A nan Celso direba ya gan ta, ya riƙa danna mata oda ba gaira ba dalili har manya suka ja masa kunne. Suka yi aure.

Sai Elvezio Tognini, wanda suka yi aji ɗaya da ita, ya zama magajin garin ƙasan kwarin, ya kuma sayi motocin safa. Ya bi ƙauyuka da daɗin baki, wai jirgi ya tsufa, zamanin kwalta ne, ya rantse mota za ta zo har ƙofar kowa. Aka kaɗa ƙuri'a, aka rufe jirgi. Ranar tafiyar ƙarshe Celso ya zare mariƙin tagullar da yake murzawa jirgi ya tashi, ya taho da shi gida a aljihu.

Kwalta kuwa a gada ta tsaya, can ƙasa. Da hunturu ya zagayo ciwon ƙirji ya kayar da Celso, ga dusar ƙanƙara ta toshe hanya, wadda a da jirgi ke ture ta ya wuce abinsa. Maza suka ɗora shi a kan katakon jan ciyawa suka nufi gada, amma bai kai ba. Elvezio ya aiko da furanni. Ersilia ta zuba wa awaki.

Ba ta taɓa sa ƙafa a safarsa ba. Ƙauye ya watse, ita ta zauna da awakinta da tuwon masararta da wutar da ke cin ta a zuci, har kai ya yi fari fat.

Abin haushi ba ya ƙarewa a duniya. Mutanen ƙasa suka fara begen jirgi, suka gyara tsohon taragon Celso suka kafa a dandali, aka sa ranar biki. Shugaban masoya jirgin kuma ba kowa ba ne sai Elvezio! Maƙeri zai iya ƙera wani mariƙin, amma shi na ainihin yake so ya ɗaga a gaban jama'a, ko a manta wanda ya tumɓuke dogon. Ya aiko mata. Ta ce mai so ya zo da ƙafarsa.

Ya zo kuwa, ta tsohuwar hanyar dogo, yana dogara sanda. Daga ƙofarta ta hango shi yana tsayawa yana dafe ƙirji, daɗi ya cika ta har wuya.

"Ranka ya daɗe, kai ne a ƙasa? Ina motar?"

"Haba Ersilia," ya ce yana haki. "Mun tsufa. Abin da ya wuce ya wuce."

"A wurinka. Hanyar da daɗi, ko? Kai da ka ga rana ma. Celso cikin ƙanƙara ya bi ta."

Ya sunkuyar da kai. "Ki ba ni mariƙin, don girman Allah. Zan ambaci sunan mijinki a gaban kowa."

"Ai da ba ka wahal da kanka wurina ba, don ba nawa ba ne." Ta nuna masa tudun da ke bayan coci. "Yana hannun mai shi. Ni na damƙa masa kafin a rufe akwatin. Ƙarasa ka roƙe shi da bakinka."

Elvezio ya dubi tudun, ya dubi doguwar gangarar da ke jiransa.

"In ka gaji, zauna ka jira," in ji ta. "Mota na nan tafe har ƙofar kowa."

Ta shiga ta ja ƙofarta.