Gyaran Muryar Baba Direba

Duk wanda ya taɓa zuwa addu'ar safe a cocin bayan kasuwa ya san Inna Ta-Sama, in bai ga fuskarta ba ya ji muryarta. Tela ce. Shagonta na kallon ƙofar cocin: keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, da madubin da ya tsage ta gefe tun ba yau ba. Ranar Lahadi akwai mawaƙa da kayan kiɗansu, ba a nemanta. Amma daga Litinin zuwa Asabar, ƙarfe shida na safe, mutum goma sha biyu ne ko sha uku, yawancinsu tsofaffi, kuma dole wani ya fara waƙa kafin sauran su bi. Shekara talatin da biyar ita ce ke farawa. Kuma shekara talatin da biyar, kowa shaida ne, ba ta taɓa farawa daidai ba.

Ba wai muryar ba ta da daɗi ba. Daɗi kam akwai. Matsalar, can sama take ɗauko waƙa. Layin farko a lallaɓa a bi ta, na biyu a fara haki, kafin a zo inda waƙar ke hawa da kanta tsofaffin mata sun zube ɗaya bayan ɗaya, Katikis, malamin cocin, ya buɗe baki jijiyar wuya ta miƙe amma ba abin da ke fita. Nan ta samo sunan, kuma ba ta taɓa jin haushinsa ba.

Mai ceton jama'a mijinta ne, Baba Direba. Bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa, don da an ce amin sai tasha. Yakan bar ta ta yi layin farko ita kaɗai, sannan daga baya a ji "Hm-hmm!", gyaran murya mai kauri kamar motarsa in ana tayar da ita da sanyin safiya. Sai ya kama layi na biyu a ƙasa, inda kowa zai iya, coci duk ya koma bayansa. Ita kuma ta waiwayo ta zabga masa harara, sannan ta sauko ta bi.

Da wannan gyaran murya ma suka san juna. Tana budurwa, tana koyon ɗinki, ranar da ta fara jin sa ta tambayi ƙawarta, "Wane mara kunya ne wancan a baya?" Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura musu aure a gaban bagadin wannan cocin.

Sun haifi biyar, sun yi renonsu a ɗaki biyu da tsakar gida, kuma a duk tsawon shekarun nan faɗansu ɗaya ne, kullum a bakin ƙofar coci.

"Ke dai sai kin kashe tsofaffin nan hankalinki zai kwanta."

"Allah a sama yake, Baban yara. Can nake aika masa."

"To mu da ke ƙasa fa? A bar mu a hanya? Ni ban taɓa barin fasinja a hanya ba."

"Je ka, motarka na jira."

Ya tafi yana dariya, ita ta tsallaka titi ta buɗe shago. Kafin ta sa almakashi a sabon yadi takan yi alamar gicciye, ta ce, "Ubangiji, riƙe mini hannu, kayan mutane ne." Iyakar addu'arta ta aiki ke nan. Ita ke ɗinke mayafin bagadi in ya yage, ita ke mayar da maɓallin rigar Fada, limamin cocin, kuma in mace ta zo awo da jajayen idanu ba ta tambayar ta komai, sai ta ja awon ya yi tsawo har matar ta faɗi abin da ke cin ta. Ba ta yi arziki ba, ba ta kuma taɓa kwana tana ƙorafi ba. Takan ce Allah ya ba ta miji mai surutu da keke mara lalacewa, me kuma za ta nema.

Sai wata Talata, yana ɗaura igiyar takalmi, Baba Direba ya kife. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ma ya tafi. Likita ya ce ƙafa za ta ɗan dawo in an dage da motsa ta. Magana kuwa, ya ce, sai abin da Allah ya yi.

Wayyo, mutumin da ko barci yake sai ya yi gardama! Yanzu sai ido. In yana son ruwa ya nuna kofi, in ya ji haushi ya juya fuska bango. Autarsu, wadda ke aiki a wani gari, ta zo ta yi sati biyu ta koma. Inna ta ja keken ɗinkinta daga shago ta kawo shi ƙofar ɗaki don ta riƙa ganinsa. Ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki, ta yi masa hira tana ba kanta amsa. Wanka da ɗauka da ajiyewa duk ba su dame ta ba. Shirun ne ke cin ta. Ba ta ɓoye wa Ubangiji ba, kai tsaye ta gaya masa: "Ƙafar in ka ga dama ka riƙe, zan tura shi. Muryar nake so. Ko zagina zai yi, in dai zan ji."

Bayan wata uku matan coci suka samo keken marasa lafiya, ta fara tura shi addu'ar safe. Ta ajiye shi a wurinsa, gefen bencin ƙarshe, ta lulluɓe masa gwiwa, ta wuce gaba.

To amma yanzu wa zai sauko da waƙa? Babu. Inna ta san haka, don haka ta yi abin da ta ƙi yi shekara talatin da biyar: ta koyi farawa a ƙasa. Tana taka keken ɗinki tana gwadawa a hankali, tana daidaita muryarta da gurnanin keken, har ta iya. Waƙar safe ta zama sumul, ba mai haki, ba mai zubewa.

"Inna, kin gyaru!" in ji Katikis, yana murna har kunne. "Ashe kin iya, kika wahalar da mu haka?"

Ta yi masa murmushi don ba laifinsa ba ne. Amma ji ta yi kamar ta'aziyya ya yi mata. Kullum in ta kai ƙarshen layin farko kunnenta na baya, yana jira, kuma kullum ba abin da ke zuwa sai ƙarar fanka.

Haka aka yi wata takwas.

Ranar da abin ya faru ba wata rana ba ce, Alhamis ce kawai. Akwai rigar wata malamar makaranta da ta yanka jiya, kuma tun da ta farka zuciyarta ke gaya mata ta yanka hannun hagu sau biyu. Da tunanin ta yi wa mijin wanka, da shi ta turo keke, da shi ta durƙusa. Fada ya fito, Katikis ya faɗi lambar waƙa, wata tsohuwar waƙar godiya da kowa ya sani tun yana yaro. Inna ta miƙe, hankalinta na kan hannun riga, ta buɗe baki.

Tsohuwar muryar ce ta fito. Can sama, sama da ko'ina, kamar ba ta taɓa koyon komai ba.

Kafin ta kai tsakiyar layi ta gane ta yi ɓarna. Ta ga Katikis ya zaro ido, ta ji tsofaffin sun yi tsit. Kunya ta rufe ta, ga shi ba a tsayar da waƙa a gaban Allah a ce a sake. Ta ja layin ita kaɗai har ƙarshe.

"Hm-hmm!"

Daga baya ya zo. Ya dushe, ya yi tsatsa, amma shi ne.

Ba wanda ya motsa. Sai ga layi na biyu yana tahowa daga gefen bencin ƙarshe, a ƙasa, a hankali, kalmomin na fita ta gefen baki ɗaya, wasu a karye, amma kalmomi ne. Mutumin da wata goma sha ɗaya bai iya cewa "ruwa" ba, ga shi yana rera baiti. Katikis ne ya fara bin sa, sannan matan, sannan Fada. Inna ta waiwaya. Fuskarsa a ɗaure take tamau, irin ta direban da aka shiga gabansa a titi, yana kallon ta da haushi na gaske. Ta so ta yi masa harara kamar da, idon ya ƙi, sai hawaye. Ranar ba ta rera ko kalma ɗaya ba bayan layin farko, kuka ta yi har aka ce amin, kuma kukan daɗi ne.

A bakin ƙofa ta durƙusa gaban kekensa. "Baban yara, yi mini magana. Ce wani abu." Ya motsa baki, ya yi ta fama, ba abin da ya fito. Maganar ba ta dawo ba. Har yau ba ta dawo ba, gaskiya ke nan, sunanta ma bai iya kira. A waƙa kawai harshen ke sakuwa. Likita ya ce akan ga haka, su ci gaba. Hannun rigar malama kuwa, da ta je ta duba, lafiyarsa ƙalau.

Ranar Asabar ta tare Fada a bayan coci, tana murza bakin mayafinta.

"Fada, ina da tambaya. In mutum ya ɓata waƙar Allah da gangan, zunubi ne?"

Fada ya dube ta, ya dubi keken mijinta da ke jiran ta a inuwa. "Mama, shekara talatin da biyar kina ɓata ta ba ki nemi izinin kowa ba. Yau ne za ki tambaye ni?"

"Da ba da gangan ba ne."

"To ki je ki ci gaba. Tsofaffin kuma ni zan ba su haƙuri."

Bai ma sha wahalar ba su haƙurin ba, su da kansu suka ce a bar ta. Yanzu in ka je cocin bayan kasuwa ƙarfe shida za ka ga wata tela mai furfura ta ajiye mijinta a gefen bencin ƙarshe, ta lulluɓe masa gwiwa, ta wuce gaba. Katikis ya faɗi lamba, ta ja numfashi, ta ɗauko waƙar can sama inda ba mai iya kaiwa. Mutum goma sha biyu su yi shiru da bakinsu, ba mai taya ta. Ta kai ƙarshen layin farko, ta ɗan dakata, kunnenta na baya.

"Hm-hmm!"

Sai ta ce a ranta, "Na gode, Ubangiji, yau ma na ji," ta waiwayo ta zabga masa harara, sannan ta sauko ta bi shi.