Ƙugiyoyin Baba Marasa Kunne

Ko da zan manta duk abin da na gani a zamana na Riyad, ban da yammacin da na gyara wa maigidana ƙugiyoyinsa na kamun kifi. Shekaru sun ja, furfura ta fara yi mini sallama, amma har yau in na ga ƙugiya sai ranar ta faɗo mini a rai.

Ni Basarke ne daga Yawuri. A cikin kwalekwale na buɗe ido, kuma na iya jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi, tun ban iya ɗaure wandona da kyau ba. Sai ga shi neman abinci ya jefa ni garin da babu kogi, ina tuƙa wani dattijon Balarabe a unguwar Nasiriya. Baba muke ce masa, kamar yadda duk masu aikin gida suke kiran maigida a can. Ɗakina yana jikin ƙofar gida, katifa da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin niƙa, shi ke nan. Sai in wuni ban yi Hausa da kowa ba. Ranar Juma'a kaɗai nake zuwa unguwar Manfuha wajen 'yan'uwa, mu ci tuwo, mu yi musu a kan ƙwallo, in dawo in tarar da shirun nan yana jirana.

Baba mutum ne mai son kamun kifi kamar ya mutu, amma irin nasa kamun ban taɓa jin labarinsa ba. Duk shekara lokacin sanyi yakan hau jirgi ya tafi can ƙarshen ƙasar Ajantina, wajen wani kogi mai sanyin tsiya, ya ɗauki ɗan jagora da zai riƙa nuna masa inda kifi yake kwanciya. Kifi ɗaya yake bi, mai ɗigo-ɗigo a jiki, wanda Turawa suke ce wa tirawut. Ba ya sa tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu ake ɗaura mata da zare ta zama kamar ƙwaro, sai a riƙa wulwula doguwar igiya a iska da wata siririyar sanda har ƙwaron ƙaryar ya sauka a kan ruwa.

In tafiya ta matso, kullum bayan la'asar sai ya fito tsakar gida yana gwaji. Aikina in ajiye faranti can nesa a kan tayil, shi kuma ya yi ta jifa yana neman ya sauke igiyar a ciki. In ta maƙale a bishiyar dabino in hau tsani in warware. Wallahi sau da yawa sai na juya baya nake dariya. Ga tsoho da hula da tabarau yana su a kan busasshen tayil, ga ɗan masunta yana riƙe masa faranti. Amma in igiyar ta yi wannan ƙarar ta shuuu a iska, ba abin da nake tunawa sai gida.

A lokacin na haura shekara biyar rabona da gida. Fasfona yana hannun babban ɗan Baba, shi yake kula da iƙama, wato takardar izinin zama, da duk takardun masu aiki, kuma ba ka fita ƙasar sai kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ya yi maka bizar fita da dawowa. Ƙanena ya riƙa kira yana cewa mahaifinmu ya daina zuwa bakin ruwa, idonsa ya tafi, kuma duk wanda ya yi sallama sai ya tambaya ko ni ne. Na sami ɗan Baba ban san sau nawa ba. Ya ce bayan azumi. Azumi ya wuce ya ce bayan aikin Hajji. Hajji ya wuce ya ce bari Baba ya je tafiyarsa ya dawo, bukra insha Allah, goben nan tasu da ba ta zuwa. Ya kuma ja mini kunne kada in kuskura in dami tsoho da maganar masu aiki. Ni kuma da shegiyar kunyar nan tamu, kullum ina tare da Baba a mota, amma bakina ya kasa buɗewa.

Ana saura 'yan kwanaki ya tafi, sai ya ba ni akwatin ƙwarinsa na ƙarya ya ce in goge in sa masa a jaka. Na buɗe ina kallo, abin gwanin sha'awa, ja da kore da baƙi. Da na ɗauki ɗaya na shafa, sai na ji wani abu ba daidai ba. Ɗan haƙorin nan da ke bayan tsinin ƙugiya, wanda muke ce wa kunne, wanda shi yake hana kifi zamewa, an danne shi ya kwanta. Na duba ta biyu, haka. Duk akwatin haka. Raina ya ɓaci. Na ce lallai wani mara tsoron Allah ya ga tsoho da kuɗi ya sayar masa da lalatattun kaya, shi ya sa duk shekara yake dawowa ko busasshen kifi ɗaya babu a jakarsa.

Juma'ar nan ban je Manfuha ba. Ina dawowa daga masallaci na zauna da wuƙa da ɗan magagari, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda kunnenta ya tashi na wasa shi, wadda ya karye na yanka mata sabo, yadda na ga maƙeran garinmu suna yi. Yatsuna duk suka yi jini, amma daɗi nake ji, don rabon da in yi aikin da na gada har na manta. A raina kuma ina lissafin in ya ji daɗi, ƙila in sami bakin yi masa maganar gida.

Washegari bayan la'asar na miƙa masa akwatin ina wani ƙasaita. Ya ɗauki ɗaya ya shafa da babban yatsa, nan take ta soke shi. Ya dubi jinin, ya dubi sauran, fuskarsa ta sauya. Ya tambayi wanda ya yi wannan aiki, na ce ni ne, na kuma fara yi masa bayanin yadda aka cuce shi. Sai ya ce ba wanda ya cuce shi, shi da kansa ya zauna da filaya ya danne su. Ya ce ɗan jagoran nan yakan duba kowace ƙugiya kafin a shiga ruwa, kuma mai kunne ba ta taɓa kogin, domin kifin sakinsa ake yi.

Na zaci Larabcina ne ya gaza. Na sake tambaya, ya sake faɗa. Wato mutum ya ƙetare duniya, ya tsaya cikin ruwan ƙanƙara har ƙugu, ya kama kifi, sannan ya sake shi? A garinmu wanda ya yi haka sai a fara nema masa magani.

Da ya ga yadda na saki baki, sai fushinsa ya sauka. Ya ce in zauna, ya buɗe wayarsa ya nuna mini. Ga ɗan jagoran durƙushe cikin ruwa, ya tallafo wani ƙaton kifi mai sheƙi kamar azurfa, ya zare ƙugiyar a hankali, ya riƙe shi har ya dawo hayyacinsa, sannan ya buɗe hannu. Baba ya ce a kogin nan aka haifi kifin. Yana ƙarami yake gangarawa teku neman abinci, ya yi shekaru a can cikin ruwan gishiri, in ya yi ƙarfi sai ya juyo ya nemi kogin da aka haife shi, ba ya ɓata.

"Gida za shi, ya waladi," in ji shi, wato ɗana. "Ka riƙe shi kaɗan, ka gode wa Allah, ka bar shi ya wuce."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Da guntun Larabcina na ce, "Baba, ni ma gida nake so. Mahaifina ya makance, yana ta kirana."

Ya ajiye wayar. Ya tambaye ni yaushe rabona da gida, na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina, kuma na gane wallahi bai sani ba. Ya aika aka kawo filaya biyu, ya miƙa mini ɗaya, muka zauna muna danne kunnuwan da na wuni ina tayarwa har aka kira magariba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Baba bai sake ta da maganar ba, ɗansa kuma ya daina amsa gaisuwata. Na haɗa 'yan kayana a jaka, don na gama sawa a raina korata za a yi. Ko 'yan Manfuha ban gaya wa ba.

Ranar tafiya na kai shi filin jirgi, na sauke jakunkuna da doguwar jakar sandarsa. Har ya juya, sai ya dawo ya sa hannu a aljihu ya fito da koren fasfona, da tikiti a ciki. Ya ce an yi bizar, jirgina jibi ne, in gaishe da mahaifina. Ya wuce ciki bai jira godiya ba. Na koma mota na kifa kai a kan sitiyari na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, har ɗan sanda ya zo ya buga gilashi ya ce in matsa.

Na tarar da mahaifina da rai. Ya shafa fuskata, ya kama wuyan hannuna ya ƙi saki. Da na ba shi labarin ƙugiyoyin, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce, "Wannan Balaraben ba masunci ba ne. Amma Allah ya yi masa albarka." Kafin hutuna ya ƙare ya rasu, kuma ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Na koma Riyad na ci gaba da riƙe wa Baba faranti har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa tuna mini da abin da ya yi ba. Abin da na koya shi ne mutum yana iya tausayin kifin da ke wata duniya alhali bai san ciwon wanda yake buɗe masa ƙofar mota kullum ba, kuma ba lallai mugunta ce ba, wani lokaci ba wanda ya gaya masa ne. Da na ci gaba da jin kunya, da sai dai a nuna mini kabari. Yanzu da na dawo gida ina da yaran aiki biyu da suke tuƙa mini mota, kuma wata ba ya ƙarewa ban tambaye su yaushe rabonsu da iyayensu ba.