Jirgin Yaya Mamman da Bangon Ɗakina

Shekara tara ke nan da rasuwar wana, Mamman mai gyaran rediyo, kuma maganar gaskiya na sha wahala. Ba zafin rashi nake nufi ba, wannan kowa ya san irin nasa. Wahalar jirgin ƙasan da ya bari nake nufi. Wasu in ɗan'uwansu ya mutu gona yake bari, ko shago. Ni nawa layin dogo ya bari, na ƙarfen laima, a cikin ɗaki. Tsatsa na cin ƙarfen da damina, gara na cin katakon da rani, ɓeraye kuma na kwana a tashar Sakkwato kamar sun yanki tikiti. Duk Juma'a in an sauko masallaci nakan shiga in sunkuya da sanfefa ina gogewa, ni da bayana ya riga ya ƙare a ɗaukar buhun albasa. Ban so abin nan ba tun yana raye. Amma ban taɓa tsallake Juma'a ba.

Wanda bai san Illela ba, ya sani babu dogo a nan, ba a kuma taɓa yi ba. Layin da ya fi kusa da mu a Ƙaura Namoda ya tsaya. Yaya Mamman yana saurayi ya yi rakiyar shanu, suka kora su da ƙafa har Ƙaura, aka loda su a tarago, shi ma ya shiga tare da su har Kudu. Sau biyu kawai ya yi tafiyar. Abokan tafiyarsa sun dawo da rediyo da yadi, shi ya dawo da jirgin a kai. Ya ce tunda gwamnati ta gaji a Ƙaura, shi zai ƙarasa mata aikin.

A ɗakinsa ya ƙarasa. Ya jera tsofaffin ƙyamare a kan tubali, tsayin ƙugun mutum, suka bi bango uku. Duk laimar da ta mutu a garin nan wurinsa take ƙarewa. Yakan zare ƙarafunan, ya miƙar da su da 'yar guduma, ya kafa su a kan guntayen katako da ya yanka kamar tsinken ashana. Tsakuwar da ya zuba a tsakani daga hanyar Tozai ya ɗebo ta, ya tankaɗe da rariyar matarsa, abin da ya jawo masa kwana uku ba a gaishe shi da daɗin rai ba. Gadar gulbin Rima da sifokin keke ya yi ta, ruwan kuma fasasshen madubi ne. Daga Ƙaura layin ya zo Sakkwato, ya bi Gwadabawa, ya tsaya Amarawa inda ya yi 'yan rumbunan albasa da karan dawa, sannan ya shigo Illela.

Kan jirgi biyu ya ƙera. Akwai kore, irin mai shan gas, amma wanda yake ji da shi baƙin ne, mai kwal, wanda ya sa wa suna Dattijuwa. Jikinta gwangwanin madara ne. Abin da ke juya ta motar tsohuwar rakoda ce, tayoyin kuma daga cikin agogon bango ya ciro su ya goge haƙoran. Wuta daga batirin babur take bin layin ta hau tayoyi, shi ya sa ya haɗa kowace taya da 'yar'uwarta da bututun biro, don kada wutar ta gamu. In zai tashe ta sai ya kunna guntun tsinken turare ya sa a bututun hayaƙi. Da ya gama fentin ta tana ƙyalli, sai na gan shi yana shafa mata baƙin fitila, yana ɗiga mata ruwan gishiri a gefe don ta yi tsatsa. Na ce wannan wane irin hauka ne, ka gyara ka ɓata? Ya ce jirgin da bai yi datti ba bai yi aiki ba.

Akwai lokacin da ya soma ƙera mutane da shanu na yumɓu. Limamin unguwarmu ya zo ya duba, ya yaba aikin, sannan ya ce masa siffar mai rai kam a bar ta. Yaya bai yi musu ba. Ya farfasa su a ranar. Bayan mako guda liman ya dawo ya tarar da tashoshi fayau, sai dai a kowace tasha akwai ɗan masallaci, a ƙofarsa kuma takalma a jere, ƙanana kamar ƙwayar wake, an yanka su daga robar taya. Liman ya tambayi ina fasinjojin. Yaya ya ce, “Allah shi gafarta Malam, duk suna ciki suna salla.” Liman ya yi dariya har ya dafa bango. Taragun shanu kuwa ya rufe su ruf, ya ce wanda ya san warinsu ba ya bukatar ganinsu.

To, ga inda nawa laifin yake. Tashar Illela a jikin bango na huɗu ta ƙare, bangon nan kuma shi ne tsakanin ɗakinsa da nawa a gidan mahaifinmu. Shi a wurinsa bangon shi ne boda, ɗakina kuma Ƙwanni, garin da ke tsallaken iyakar ƙasa. Abin da ya roƙe ni bai fi ƙarfina ba: in bari ya huda rami kamar dunƙulen hannu, ya sa benci guda a ɗakina, jirgin ya ƙetare. Ya ce rabin danginmu suna can, rabin abincinmu daga can yake fitowa, ba shi da ma'ana jirgi ya zo har bakin iyaka ya tsaya yana kallo.

Na ƙi. Na ce masa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na kawo maganar ɓera da kunama, na kawo maganar cewa ɗakin magidanci ba a yi masa taga zuwa wani ɗaki. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Dalilin kunya ce. A kasuwa ranar Lahadi 'yan dako 'yan'uwana ba sa kirana Garba, sai ƙanen mai jirgi. Wani ya ce in ajiye masa kujera zuwa Legas, wani ya tambaya ko an biya mu albashin reluwe. Shi Yaya ko a jikinsa. Ni kuwa abin yana cina.

Sai maganar ta zama kamar gaisuwa tsakaninmu. In muka haɗu wajen alwala ya ce, “Garba, ya labarin boda?” In ce a rufe take. Ya ce, “Za a buɗe.” Shekara da shekaru haka. Har wata ranar suna a gidanmu, zaure cike da baƙi, ya sake yi mini tambayar cikin raha, wani abokin aikina ya ƙyalƙyale da dariya. Ban san sa'ad da na ce masa ya ji kunyar furfurarsa ba, ya bar wasan gwangwani ga yara. Yaya ya dube ni, ya ce, “To, Garba.” Ya ci gaba da raba goro. Daga ranar bai ƙara tambayata labarin boda ba. Mun ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya har shekara biyu, ina jira ya tambaya, ba don zan yarda ba, don dai in ji ya tambaya.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ni nake juya shi. Na zaci zai tayar da maganar. Abin da ya ce kawai, in riƙa goge layin, tsatsa ba ta jira. Ban nemi gafararsa a kan ranar sunan nan ba. Na yafe masa, ya yafe mini, irin yafewar jimla da ake yi a bakin gadon marar lafiya, wadda ba a ambaton komai da sunansa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Bayan rasuwarsa an rufe bodar gaske, an buɗe, an sake rufewa. Na ga manyan motoci a jere har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. Na ga albasa ta ruɓe a buhu. Na ga mutum ya zagaya ta gonaki don ya je jana'izar gwaggonsa, tafiyar da a da ko takalmi ba ya sakewa. Duk wanda ya ɗanɗana wannan ya san zafin a ce maka hanya na nan amma ba ka wucewa. Na tabbata da yana nan ba zai ce mini komai ba. Kallona kawai zai yi. An ce kuma ana shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Da ya ji haka zai yi murna, sannan ya yi ƙorafin an bi ta bayan gidanmu, sannan ya nemi mota ya je ya auna faɗin layin da hannunsa. Yaran yanzu kuwa sun ga jiragen duniya a waya, masu gudu kamar harsashi. Da ba za su cika masa ɗaki kamar na da ba. Amma shi dama ba don 'yan kallo yake yi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru watan jiya. Nasiru, babban ɗansa, mai sayar da kayan sola, zai yi aure bayan Salla. Ɗakin nan gadonsa ne, ba shi da wani. Shekara tara ya bar mini shi bai ce uffan ba. Ya same ni bayan la'asar, ya durƙusa, ya yi ta kewaye-kewaye har na ce masa ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce magini zai zo ya yi yaɓe da daɓe, ɗakin sai an kwashe. Ya ce wani ɗan gwangwan ya leƙa ya ce zai ɗauki ƙarafunan, shi kuwa bai amsa ba sai ya ji daga bakina. Ba ni da bakin hana shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma amarya ba ta tarewa a tashar jirgi. Na ce ɗan gwangwan kam a'a. Ya ce to ina za a kai? Gidan nan kuwa ba sauran ɗaki sai nawa.

Muka shiga mu duba yadda ƙyamaren za su rabu. Nasiru ya sunkuya ƙarƙashin tashar Illela, inda ni ban taɓa leƙawa ba, ya jawo wani ƙunshi a cikin buhun siminti, an ɗaure da waya. Ya ce, “Baffa, wanga naka ne. Baba ya ce kada in ba ka sai ranar da za a tashi ɗakin.”

Na kwance. Layin dogo ne sabo, an shafe shi da baƙin mai, tsawon benci guda. Da ɗan allon tasha, an rubuta Ƙwanni da ajami da boko. Da ɗan masallaci da takalmansa a ƙulle a leda. Sai wani bututu na manyan gwangwanaye uku, an cire gindinsu an haɗa da darma, layi shimfiɗe a cikinsa. Na kai shi bakin ƙofa na gwada da kaurin bango, ya zo daidai, ko yatsa bai ƙaru ba. Kowane baki yana da murfi mai ƙyaure, an liƙa masa roba yadda ko tururuwa ba ta wucewa. Ɓeran da na ce, da kunamar, da ido, duk ya amsa mini su da gwangwani. Sakata kuwa guda ɗaya ce, 'yar ƙarama, ta ƙarfen agogo. A bakin da zai faɗo ɗakina ya sa ta.

Na tambayi Nasiru yaushe ya yi wannan. Ya ce bayan sunan nan ne. Ya ce shi ma ya taɓa tambayarsa mi ya sa yake wahala a kan abin da aka hana shi, sai ya ce, “Baffanka zai yarda. Ba shi son a gan shi yana yarda ne.”

Ban yi kuka ba, ni ba mai kuka ba ne. Na dai zauna a kan tubali har aka kira magariba.

In an ce in auna abin da ya rage na Yaya Mamman, ba shi da yawa a ido. Rediyoyin da ya gyara sun mutu. Shagonsa yanzu cajin waya ake yi a ciki. Masu yi mini ba'a rabinsu sun bi shi, sauran sun manta. Dogon ma ba duka zai shiga ɗakina ba, sai na fitar da gado na koma tabarma, kuma ko da haka Gwadabawa sai haƙuri. Abin da ya rage shi ne halin nan nasa: a wulakanta shi a gaban baƙi, ya koma ɗaki ya zauna yana yi wa wanda ya wulakanta shi sakata. Na yi shekara tara ina goge masa ƙarfe ina cewa amana nake riƙewa, alhali abin da ya roƙa yana nan ƙarƙashin gwiwata. Da-na-sani ƙeya ce. Allah Ya gafarta masa, Ya sa ya huta, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Nasiru ya ce zai samo mutane a ɗauke komai a hannu. Na ce ƙyamaren a ɗauka, amma Dattijuwa ba kaza ba ce da za a rungumo ta a zagayo ta tsakar gida.

Washegari da na dawo sallar asuba na ɗauki guduma da guntun rodi. A bangon, daidai inda layin ya ƙare, akwai da'irar da ya zana da ƙusa tun shekarun da nake ce masa a rufe take. A nan na sa rodin. Kafin rana ta yi zafi na ga hasken ɗakina ta ramin. Muka zura bututun, na jawo bencina na ɗora Ƙwanni a kai, na jera takalman a ƙofar masallaci. Na ce wa Nasiru ya kunna turaren, ya riƙe wayar batir, kada ya haɗa sai ya ji muryata. Na zagaya ɗakina, na rufe ƙofa, na zauna. Sannan na zare sakatar, na ce masa ya sako ta.