Ranar Da Na Wanke Tukunyar Kawu Bala

Wata Juma'a, saura mako biyu Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare, Kawu Bala ya sauko daga motar Yauri rungume da wani kwali. Ƙanen Inna ne, yana aiki a Kaduna, kuma duk zuwansa ƙauyenmu na kusa da Wara sai ya kawo abin da za a yi kwana uku ana zancensa. Wannan karon tukunya ce, ja daga waje, da marfin gilashi, cikinta baƙi wuluk mai santsi. Ya sa aka kunna risho a tsakar gida, ya fasa ƙwan zabo a ciki ba ko ɗigon mai, ya ɗan karkata ta, sai ga ƙwai ya sulale ya faɗa faranti. Maman Rifkatu, maƙwabciyarmu, ta dafe ƙirji ta ce wannan sai dai siddabaru. Da Inna ta tambayi kuɗinta, Kawu ya raɗa mata a kunne, ta saki salati ta ce ai an kusa sayen akuya. Daga nan ya shiga karanto mata dokokin tukunyar. Ni kuwa idona na kan ƙwan, ko kalma ɗaya ban ji ba. Washegari ya koma, da alkawarin zai dawo ya yi Sallah da mu, ya ci girkin tukunyarsa.

A gidanmu ni ce mai wanke-wanke, kuma ba yabon kai ba, a duk unguwar babu ta biyuna. Da an taso daga makaranta, mun yi 'yar gala-gala a bakin hanya har ƙafa ta yi futu-futu, sai mu jera tukwane a ka mu gangara bakin ruwa, inda masunta ke shanya taru a gefen kwale-kwale. Kayan aikinmu yashi ne da toka da ƙaiƙayin shinkafa. Gasa muke yi ni da Rifkatu, kowa ta ɗaga tata tukunyar a rana a ga wadda ta fi ƙyalli, kuma sau da yawa ni ke ci. Inna kan ce, "Tukunya in ta shiga hannun Hauwa, ko madubi ba ka nema." Wannan maganar ce ta fasa mini kai.

Saura kwana huɗu Sallah Inna ta sauko da tukunyar daga saman kwabet, ta soya wa Baba karfasa don ta gwada. Kifi ya fito ɗaya-ɗaya, ko fatarsa ba ta ɗaye ba. Tana cikin murna aka aiko mata cewa matar ƙanen Baba na naƙuda, ta yafa mayafi ta fita, ta bar tukunyar cikin kayan wanke-wanke. Da na isa bakin ruwa na leƙa cikinta sai tausayin mutanen birni ya kama ni. Na ce wa Rifkatu duba yadda suka bar baƙin tukunya ya daskare, ko a kanti ba a samu mai wanke ta ba. Na ɗebo yashi mai kaushi na durƙusa a kanta. Baƙin nan taurin kai gare shi, amma ni na fi shi. Sai da la'asar ta yi sanyi, yatsuna suka yi ja, sannan farin ƙarfe ya bayyana tas. Na dawo gida ina rangaji, na ɗora ta can saman sauran don kowa ya gani.

Inna ta daɗe tana kallon tukunyar. Ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Zama ta yi a kan turmi ta ce, "Hauwa, mi kinka yi? Da wane ido zan dubi Bala?" A nan na gane cewa baƙin nan shi ne tukunyar, shi aka saya da tsada. Kwana ukun da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Aka kai ni kitso, aka ƙunsa mini lalle, tela ya kawo sabuwar atamfata, duk ban yi murna ba. Abin da ke cina shi ne kunyar da Inna za ta sha a gaban ƙanenta saboda ni.

Ranar Sallah, bayan an gama fiɗa, Kawu ya zauna a tabarma ya ce, "Yaya, ina tukunyata? A dafa mini shinkafa a cikinta." Ni na shiga ɗaki na ɗauko ta, na durƙusa a gabansa na ce, "Kawu, ni na wanke ta." Ya juya ta, ya shafa cikin da yatsa, ya tambaye ni da me. Na ce da yashi. Sai ya fashe da dariya, irin wadda har hularsa ta faɗi, yana share hawaye yana cewa masu kamfanin ba su san da Hauwa ba. Ya ce a dafa a hakan. Inna ta ɗora ta a murhu, shinkafa kuwa ta kama sosai. Da aka kwashe, Kawu ya leƙa gindin tukunyar, fuskarsa ta canza. Ya ce a miƙo masa man gyaɗa da yaji. Ya kankare ƙanzon nan da cokali yana ci yana lumshe ido, ga nama jibge a gabansa bai kalla ba. "Yaya," in ji shi, "shekara biyar ke nan ban ci ƙanzo ba. Tukwanen gidana ba su yi." Inna ta yi dariyar da ta yi kwana uku ba ta yi ba, ni kuma na samu cokali na zauna kusa da shi.

Yau ina da jerin irin tukwanen nan a ɗakin girkina, masu tsadar ma. In aka tambaye ni ko sun cancanci kuɗinsu, nakan ce a wajen ƙwai da kifi sun biya, suna rage mai, wankinsu kuma ba wuya, muddin babu mai irin hannuna a gidan. Amma bara ƙaramar 'yata ta ji ina ba da wannan labari ta ce, "Mama, mene ne ƙanzo?" Tun daga lokacin, duk Asabar nakan ɗora wata tsohuwar tukunyar dalma, in bar shinkafa ta kama da gangan, mu kewaye ta da cokula. Yaran suna so ƙwarai. Ni dai har yanzu ban iya ƙona ta yadda murhun Inna yake yi ba.