Fulogi a Cikin Garwashin Masara

Ranar da kububuwa ta sari Inna, sa'a ce kawai ta sa ina gida. A Gwarzo nake koyarwa, amma duk hutun damina nakan koma ƙauyenmu da ke bayan Gude in taya Yaya noma. Bayan azahar ne Inna ta zaga bayan gida tsinkar kuɓewa, ta dawo tana ɗingishi, ta ce mana a hankali, kamar labarin wani take bayarwa, "Abin ƙasa ya taɓa ni." Na ruga na ga macijin da idona kafin ya shige gindin danga. Ko da na dawo, idon sawunta ya fara kumbura.

Ran kasuwa ce. A-kori-kura ɗaya tal ake da ita a garin, ta tafi da kaya tun safe. Babur kuwa Inna ba za ta iya zama a kai ba, domin jiri ya fara ɗibar ta. Saura motar Baba.

Baba ya yi wa wani Bature tuƙi shekaru, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa motar. 'Yar ƙarama ce ja, mai ƙofa biyu da rufin tamfol, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi hanya. Ba don hanyar ƙauye aka yi ta ba, amma Baba ya lallaɓa ta har ya rasu. Shekara uku ke nan mukullin yana hannun Yaya. Kullum bayan asuba zai shiga rumfa ya ja cok, wato ɗan maɓallin da ke ƙara wa inji mai in ya yi sanyi, ya tayar da ita, ya bar ta tana kuka a tsaye kusan rabin awa, sannan ya kashe ya goge ta. Ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Na sha yi masa magana, domin ni ne na ɗan tsinci gyaran mota a hannun Baba. Sai ya ce, "To, an ji," gobe ya sake. Yi wa Yaya faɗa da yi wa bango duk ɗaya ne, ni kuma Allah bai hore mini haƙuri ba.

Muka zaunar da Inna a gaba, muka miƙe mata ƙafar. Na cusa kaina a ɗan lungun baya, gwiwoyina a haɓa. Yaya ya ja.

Tun kafin mu fita gari na ji abin da ba na son ji. Injin yana tsallake bugu ɗaya, yana yi yana sarƙewa kamar mai tari. Masu gyara sukan ce mota tana misin. Yaya ya taka totur, ta yi jijjiga, salansa ta tofar da baƙin hayaƙi. Ina dai kallon ƙeyar Inna. Muka gangara wani kwari da ruwa ya ci, da muka zo hawa sai ta yi rabin tudu ta tsaya, ta mutu.

Wurin wata 'yar mararraba ce a hanyar burji, titin kwalta yana da sauran nisa. Ba kowa sai wata dattijuwa a gindin darbejiya tana gasa masara, tana jiran masu dawowa daga kasuwa. Yaya ya kira wani abokinsa mai mota a waya, ya ce yana Kano. Na leƙa Inna. Ta tofa yawu a gefen mayafinta tana ƙoƙarin ɓoyewa, amma na ga ja a ciki. Dasashinta ya fara zubar da jini. Duk ɗan ƙauye ya san abin da wannan ke nufi in kububuwa ce. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

"Buɗe bonet," na ce wa Yaya. Ko "don Allah" ban sa ba.

Na sa shi ya sake tayarwa. Da ƙyar ta kama, tana rawa kamar za ta faɗi. Fulogi huɗu gare ta, kowanne da wayarsa, kuma su ne ke ba da wutar da ke cinye man. Baba ya koya mini cewa in mota tana misin, kada ka tsaya tunani, ka cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Wanda ka cire injin ya ƙara raunana, lafiyarsa ƙalau. Wanda ka cire ba abin da ya sauya, shi ne ya riga ya daina aiki. Na naɗe hannu da gefen riga na cire na farko, injin ya durƙusa, na mayar. Na biyu ya ja ni da wuta har gwiwar hannu, motar ta mutu, muka sake fama kafin ta tashi. Na cire na uku. Kukan bai sauya ba ko kaɗan.

Na ce Yaya ya kashe. Sifanar kwance fulogi tana nan a tsumman da Baba ya naɗe ta. Na shiga kwancewa, amma akwai abin da ban faɗa wa Yaya ba. In na ga bakin fulogin a jiƙe da baƙin mai yana maiƙo, to cikin injin ne ya lalace, ba abin da zan iya a bakin hanya. In kuwa baƙin hayaƙi ne busasshe, akwai dabara. Na zaro shi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na murza a babban yatsa. Ya zube kamar gari, babu maiƙo.

Na nufi dattijuwar da gudu. "Iya, sannu da aiki. A taimake ni da garwashi, maciji ne ya sari mahaifiyarmu."

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwashe masararta gefe, ta ɗaga wayar gashin. Na tura bakin fulogin cikin jan garwashi, ita kuma ta kama fifita da mafici da duk ƙarfinta. Baƙin ya fara cinyewa yana komawa toka. Da ya yi, na jawo shi da kara biyu, na ajiye a kan dutse. Ta ɗauko butarta za ta kwara masa ruwa, na riƙe mata hannu.

"A'a Iya, farin jikin nan tangaran ne, ruwa zai fasa shi. Sai ya huce da kansa."

Wannan jiran shi ya fi komai wuya. Abu ga shi a gabanka, ba dama ka taɓa. Daga inda nake ina jin numfashin Inna. Yaya ya zo ya tsaya a kaina, ya ce a hankali, "Wutar nan ba za ta ɓata shi ba? Na Baba ne fa, shi ya sa su da hannunsa."

Nan na fashe. Na miƙe na ce masa, "Yaya, ba wuta ce ta ɓata shi ba, kai ne. Shekara uku kana ɗura mata mai tana tsaye, ba ta gudu balle ta ƙone shi. Sau nawa na gaya maka? Ka mai da mota kamar kayan ado. In wani abu ya sami Inna a hanyar nan, ka sani da hannunka."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, ya girme ni da shekara tara. Dattijuwar ta sunkuyar da kai tana jujjuya masarar da ba ta kan wuta. Yaya ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya waiga wajen motar, ya yi shiru. A lokacin na ɗauka rashin abin faɗa ne.

Da fulogin ya huce yadda zan iya riƙe shi da tsumma, na kankare sauran tokar da tsinken tsintsiya, na hure, na ɗaura. Yaya ya murɗa mukulli. Ta kama, kuma wannan karon bugun huɗu ne cif. Na ce ya tura cok ɗin ciki gaba ɗaya, ya riƙe ta a ƙaramin giya ya bar ta ta yi ƙara, ko sauran ukun ma su ƙone nasu. Muka haye tudun. Ko godiya ban tuna na yi wa dattijuwar ba, kuma har yau abin yana damuna.

Muka isa asibiti a Gwarzo kafin la'asar sakaliya. Aka karɓi Inna, aka sa mata maganin dafi ta jijiya. Sai da jinin ya tsaya washegari na iya cin abinci. Duk kwanakin da muka yi, ni da Yaya ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Ban ba shi haƙuri ba, domin a ganina gaskiya na faɗa.

A kwana na huɗu Yaya ya fita sayo mata koko, Inna ta ce in matso. Muryarta ba ta gama dawowa ba.

"Na ji abin da ka faɗa wa yayanka a hanya."

"Inna, ai gaskiya ce. Da ya ji maganata..."

"Ni na sa shi," in ji ta. "Tun kwana arba'in na babanku. In gari ya waye ban ji kukan motar nan ba, ba na iya tashi daga shimfiɗa. Ya ce mini kai ka ce yana ɓata ta. Na ce ya ci gaba, kada kuma ya gaya maka, don na san bakinka."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Ina nan zaune Yaya ya shigo da kofin koko, ya miƙo mini ya ce in riƙe mata, akwai zafi. Na karɓa da hannu biyu.